Daga Amherst Zuwa Northampton: Yadda Kwalejoji Biyar Ke Aron Malaman Juna

Wanda zai je garin Amherst daga Boston, a jihar Massachusetts ta Amurka, hanya mafi sauƙi ita ce bas ɗin kamfanin Peter Pan daga tashar South Station. Yakan nausa yamma har Springfield, daga nan a juya arewa ana bin kogin Connecticut. Ita na bi, a watan Oktoba, lokacin da ganyen itatuwan yankin ke rikiɗewa ja da ruwan ɗorawa kafin su zube. A ware wa tafiyar kamar awa uku. Wanda ya sauka a filin jirgin sama na Bradley kuwa ya rage wa kansa wahala, don bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba.

Abin da ya kai ni shi ne ganin yadda makarantu biyar da ke kwarin wannan kogi suke aiki tare. Huɗu ƙananan kwalejoji ne masu zaman kansu, irin waɗanda ƙarfinsu digirin farko ne, ajujuwansu ƙanana, ɗalibi kuma yana ɗanɗana adabi da kimiyya da tarihi kafin ya tsaya a kan fanni ɗaya. Akwai Kwalejin Amherst da aka kafa a 1821, da Mount Holyoke ta 1837 a South Hadley, da Smith a Northampton wadda ta buɗe a 1875, sai autarsu Hampshire da ta fara karɓar ɗalibai a 1970. Ta biyar ita ce giwar, Jami'ar Massachusetts da ke garin Amherst, mallakar gwamnatin jiha, wadda ɗalibanta sun ninka na sauran huɗun a haɗe. An yi wa haɗakar rajista a 1965. Ita Hampshire ma 'yar wannan zumunci ce: malaman sauran huɗun ne suka zauna a 1958 suka rubuta tsarin sabuwar kwaleji, daga baya aka samu kuɗi aka gina ta.

Ofishin haɗakar wani gida ne a titin Spring cikin garin Amherst, wanda in ba a nuna maka ba za ka wuce shi ka ɗauka gidan wani ne. Ba shi da ɗalibi ko ɗaya, ba ya ba da digiri. Shugabannin makarantun ne ke zaune a hukumarsa, kowace makaranta kuma tana zuba kasonta na kuɗi. Aikin gaske yana hannun kwamitoci: masu rajista suna da nasu zaman, shugabannin ɗakunan karatu nasu, shugabannin harkokin malamai nasu.

Shawarar da aka ba ni a can ita ce in bar takardu in hau bas, kuma ta yi amfani. Bas-bas ɗin hukumar sufuri ta PVTA ne ke haɗa harabobin, kuma a lokacin karatu ɗalibi ko ma'aikacin makarantun ba ya biyan ko kwabo, katin makaranta kawai zai nuna in an tambaya. Lamba B43 na zirga-zirga tsakanin Amherst da Northampton ta titi na 9, wajen kilomita 12. Lamba 38 na bi ta Hampshire, ya haura wata 'yar mashiga tsakanin duwatsu, ya gangara Mount Holyoke. A taswira duk kusa ne. A ƙasa kuwa titi na 9 ya ratsa garin Hadley da manyan kantunansa da fitilun ba da hannu, sannan kowa ya matse a gadar Coolidge. Da yamma tafiyar da ta kamata ta ci minti 25 tana iya haura 40. A kan wannan titi ne masallacin Hampshire yake, ga mai neman inda zai yi Juma'a.

Lissafin bas ɗin shi ne lissafin komai. Lakcar Talata da Alhamis takan ɗauki minti 75 zuwa 80. Ƙara zuwa da dawowa da jiran mota, sai ka ga kwas ɗaya ya cinye awa uku na ranar ɗalibi, wato ya toshe masa gurbin wasu kwasa-kwasai biyu a gida. Shi ya sa malamin da yake so ɗaliban maƙwabta su zo ajinsa yakan mayar da shi zama ɗaya a mako, na awa biyu da rabi, da la'asar ko bayan magariba. Wanda ya sa ajinsa ƙarfe tara na safe sau uku a mako ya riga ya sallami baƙi.

Ita rajistar ba ta da wuya. Ɗalibi ya duba jerin kwasa-kwasan makarantun duka a shafi guda, ya samu amincewar malamin da ke ba shi shawara, ya shigar da buƙata ta ofishin rajistar makarantarsa. Ba ya ƙara kuɗin makaranta, sakamakon kuma yana shiga takardarsa ta gida. Yawanci ba a wuce kwas biyu a waje a zango ɗaya, kuma sabon shiga sai ya gama zangonsa na farko. Inda ake samun tangarɗa shi ne kwas mai farin jini: 'yan gida ake fara bai wa gurbi, baƙo sai ya je zaman farko ya roƙi sa hannun malami, wani lokaci ya koma hannu rabbana bayan ya riga ya saki wani kwas a makarantarsa. Awo ma ya bambanta. Nauyin kwas a Smith da Mount Holyoke maki (credit) huɗu ne, a jami'a da yawa uku ne, Amherst kwasa-kwasai take ƙirgawa, Hampshire kuwa ba ta ba ɗalibanta A ko B, malami ne ke rubuta bayanin ƙoƙarin kowa. Duk wannan sai da masu rajista suka zauna suka daidaita shi a rubuce.

Akwai kuma wata al'ada mai ban dariya da ke nuna iyakar daidaita kalanda. Smith da Mount Holyoke kowacce tana da ranar hawan dutse a kaka. Ba a sanar da ita tun da wuri. Da safe kawai za a ji ƙararrawa, a soke darussa, ɗalibai su fita yawo. To ɗalibar Smith da ke da lakca a Amherst ranar, hutun bai shafe ta ba, dole ta hau bas. Ɗalibin jami'a kuma da bai duba saƙonsa ba zai isa Northampton ya tarar da aji a rufe. Na ce ɗalibi da gangan, don ko da yake makarantun biyu na mata ne, maza daga maƙwabta suna zama a ajujuwansu.

A Northampton na fi daɗewa, saboda a nan ne maganar horar da malamai ta fi fitowa fili. Malamin irin waɗannan kwalejoji yakan koyar da kwas biyu a zango, huɗu a shekara, ana kuma jiran ya yi bincike ya wallafa. Sabon ɗauka yana da wajen shekara shida na gwaji: a duba aikinsa a tsakiya, a shekara ta shida kuma a yanke ko dai a tabbatar masa da kujera ta dindindin ko ya nemi wani wuri. Matsalarsa ta farko kaɗaici ne. A sashen tarihi mai malamai goma, mai yiwuwa shi kaɗai ne masanin Afirka, babu wanda zai karanta masa daftarin babi ya ce nan ka yi sako-sako. Haɗakar tana maganin wannan da abu mai arha: tarukan ƙara wa juna sani na malamai. 'Yan fanni ɗaya daga makarantu daban-daban su nemi ɗan kuɗi daga ofishin haɗakar, na abinci da gayyatar baƙo, su riƙa haɗuwa lokaci-lokaci cikin zango. A raba takardar mutum kafin zama, a zo a tattauna ta, ba a karanta ta a wurin. Wanda ya yi ƙarko a cikin irin waɗannan taruka shi ne mai mutum ɗaya tsayayye da ke aika tunatarwa yana kama ɗaki. Ranar da ya tafi hutun bincike ba a naɗa magaji ba, taron ya bi shi.

Ta fuskar koyarwa kuma, Smith tana da Cibiyar Sherrerd, Amherst da jami'ar ma kowacce da tata cibiyar. Abin da ya fi burge ni shi ne awon tsakiyar zango, wanda cibiyar jami'ar ta daɗe tana yi. Malami da kansa yake nema. A wajen mako na biyar zuwa na bakwai ma'aikacin cibiya ya zo aji, malami ya fita na kamar minti 20 ko 30. A raba ɗalibai ƙungiyoyi ƙanana su amsa tambayoyi: me ke taimaka muku wajen koyo, me ke hana ku, me za a gyara. Ma'aikacin ya tace abin da akasari suka yarda da shi, ya zauna da malamin su biyu, malamin kuma ya koma aji ya faɗi abin da zai canza da wanda ba zai canza ba da dalili. Sharaɗin da ke riƙe da tsarin shi ne sirri: rahoton ba ya zuwa wurin shugaban sashe, ba ya shiga fayil ɗin ƙarin girma. Da zarar ya shiga, babu malamin da zai sake gayyatar kowa ajinsa sai ranar da ya shirya wasan kwaikwayo. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake matakin ƙarshe; ɗaliban da aka tambaya ba a waiwaye su ba sukan fi tsanani a takardar ƙarshen zango.

Mataki mafi nauyi shi ne ɗaukar malami na haɗin gwiwa. Fannin da babu kwalejin da ke da ɗaliban da za su cika wa malami kwas huɗu, sai biyu ko uku su haɗa albashi, sau da yawa da tallafin farko daga wata gidauniya kamar Mellon. A ba shi makaranta ɗaya a matsayin gida, ya koyar da wani kaso a can, saura ya zagaya. A shekarun 1980 marubutan nan James Baldwin da Joseph Brodsky duk sun riƙe muƙamin farfesan kwalejoji biyar. Wannan ya sha bamban da malamin ziyara da muka sani a jami'o'inmu, wanda ke zuwa ƙarshen mako ya zuba lakcar wata guda a kwana biyu. Nan aiki ɗaya ne, albashi ɗaya, an dai raba lokacinsa. Amma ɗan mai iyaye da yawa ne, kowa na aikensa, ba a san mai ɗinka masa kayan Sallah ba. Sassa biyu su sa shi a kwamitoci, ɗaliban wurare uku su nemi ya duba musu aikin kammalawa, ranar tantancewa kuma abokan aikinsa na gida su ce ba su cika ganinsa ba. Shi ya sa yarjejeniyar kirki take fayyace abubuwa tun kafin a tallata gurbin: wa ke da ƙuri'a a kan tabbatar da shi, ina ofishinsa, kwas nawa a ina a kowace shekara, wa zai biya hutun bincikensa, wa kuma zai ɗauki albashin in kuɗin gidauniya ya ƙare. Wannan na ƙarshen shi ya fi kashe gurabe.

Wasu fannonin sun haɗe gaba ɗaya. Ilmin taurari sashe ɗaya ne a tsakaninsu, haka ma rawa. Akwai takardar shaidar nazarin Afirka, wadda ɗalibi ke samu in ya yi kwas shida daga sassa daban-daban ya kuma nuna ƙwarewa a harshe. Ga harsunan da masu nemansu ba su kai a ɗauki malami ba, irin su Wolof da Twi, cibiyar harsunan haɗakar tana da dabara: ɗalibi ya yi karatun kansa kullum bisa jadawalin da aka tsara masa, sau ɗaya a mako ya zauna hira da mai harshen, galibi ɗalibi ɗan ƙasar waje da aka horar ake kuma biya, a ƙarshen zango wani masani daga waje ya yi masa jarrabawar baka. Abokin hirar ba ya ba da maki. Raunin tsarin a bayyane yake: wanda ya yi sakaci mako uku babu mai kama shi sai ranar jarrabawa.

A hanyar Mount Holyoke, daidai mashigar duwatsun nan, bas na wucewa kusa da wani gini da aka haƙa cikin dutsen Bare. Rundunar sojan saman Amurka ce ta gina shi a 1957 don ya zama mafakar ba da umarni in yaƙin nukiliya ya ɓarke. Kwalejin Amherst ta saye shi a 1992, ya koma ma'ajiyar littattafan da ba a cika nema ba. A ciki ba a jera littafi bisa fanni, bisa tsayi ake jerawa cikin kwalaye masu lamba, don kada a yi asarar wuri. Mujallar da makarantu huɗu ke da ita sai a ajiye cikakken kwafi ɗaya, sauran su samu sararin kantoci. Da wurin ya cika aka buɗe wata ma'ajiyar a Hatfield a 2017. Malami ya nemi littafi ta kwamfuta daga kowane ɗakin karatu, motar rabo ta kawo masa nasa cikin kwana ɗaya ko biyu na aiki.

Hampshire na tsaya a ƙarshe, harabar da ke tsakiyar gonaki da itatuwan tuffa. Ita ce ta fi kowa dogaro da maƙwabta, tun da an gina ta ne da niyyar kada ta maimaita abin da suke da shi. Ita ce kuma mafi ƙarancin dukiyar ajiya, don tsofaffin ɗalibanta ba su kai na Amherst ko Smith yawa da daɗewa ba, kuɗin makaranta ne kusan duk abin da take rayuwa da shi. A Janairun 2019 hukumarta ta sanar cewa tana neman wadda za ta haɗe da ita, aka dakatar da ɗaukar cikakken aji, sababbin ɗalibai 13 kacal suka shiga a kakar shekarar. Malamai da dama suka tafi hutu ko suka karɓi aikin wucin gadi a makarantun maƙwabta, wanda ya rage mata nauyin albashi, ɗalibanta kuma suka ci gaba da cike giɓin kwasa-kwasai ta bas. Giɓin kasafin kuɗin kuwa ya zauna a wuyanta, domin yarjejeniyar ta tsaya a kan ajujuwa da littattafai da malamai, kowace makaranta da asusunta da hukumar amintattunta.