Ja layi ƙarƙashin aikin Allah

Kuskuren da ake yawan yi wajen nazarin Littafi Mai Tsarki, a Wusasa ko Sabon Gari, shi ne neman jarumi cikin mutane. A 1 Sama'ila 17, labarin Dawuda da Goliyat, hankali kan tafi ga majajjawar Dawuda, alhali aya ta 47 ta ce yaƙin na Ubangiji ne.

Don kauce wa wannan, ɗauki ayoyi guda 10 zuwa 15 kawai daga sashen da kake nazari. Da fensir, ja layi ƙarƙashin duk abin da Allah ya yi ko ya faɗa, ka auna shi da Fitowa 34:6-7, inda ya bayyana halinsa: mai jinƙai, mai jinkirin fushi, amma ba ya ƙyale laifi.

Littafin Esta zai ba ka wuya, don ba a ambaci sunan Allah a ciki ba. Fara daga sura ta 6, daren da barci ya ƙaurace wa sarkin Farisa, ka nemi aikin Allah a ɓoye cikin abin da ya biyo baya.