Kafin ka ce masa ya yi haƙuri

Ɗauki mutum biyu a sahu ɗaya ranar Juma'a a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana. Na dama yana da shaguna uku da gidan haya a unguwar Madina ta Accra, ya je Hajji sau biyu. Na hagu dila biyu ta gwanjo ya ɗauko bashi, wuta ta cinye su a gobarar kasuwar Kantamanto ta farkon Janairun 2025, mai kaya kuma ya fara kiransa a waya tun toka ba ta huce ba. Liman ya karanto ƙarshen Baƙara, cewa Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Na dama ya ji rahama, ya gyaɗa kai. Na hagu ya ji kamar ana gaya masa abin da ya same shi bai kai a yi wa kuka ba. Ayar ba ta canza ba, kunnuwan ne kowanne ya zo da kayansa daga gida.

Alƙur'ani da kansa ya riga kowa faɗin wannan. A Suratul Fajri, aya ta 15 da ta 16, an kawo ɗan Adam a hali biyu. In Ubangijinsa ya jarrabe shi da yalwa sai ya ce "Ubangijina ya girmama ni", in ya jarrabe shi da ƙunci sai ya ce "Ubangijina ya wulaƙanta ni". Kalmar jarrabawa, ibtila'i, ita aka sa wa halayen biyu, sannan aka amsa wa mutanen biyu da kalma guda: kalla, wato a'a, ba haka ba ne. Aljihu ba ma'aunin matsayin bawa ba ne a wurin Allah. Abin da masu wa'azi da yawa ke tsallakewa shi ne abin da ya biyo bayan kalla. Ba a ci gaba da yi wa mai ƙunci faɗa ba. An juya kan jama'a: ba kwa girmama maraya, ba kwa kwaɗaitar da juna ciyar da miskini, kuna cinye gado, kuna son dukiya so mai yawa. Wato in talaka ya fara jin an wulaƙanta shi, a fara binciken waɗanda ke kewaye da shi.

Mai wadata ba sai an daɗe a kansa ba. Cutarsa sananniya ce, ita ce ta Ƙaruna a Suratul Ƙasas aya ta 78: don wani ilmi da nake da shi aka ba ni. A zango, wato unguwannin Hausawa da Musulmi a Ghana, ba a faɗinta haka kai tsaye, sai dai ka ji "mu dai mun riƙe ibada, shi ya sa Allah ya rufa mana asiri". Wanda ya gina imaninsa a kan wannan lissafi ranar da kasuwa ta juya masa baya yake gane a gefen rami ya yi gini. Shi ne mai bauta wa Allah "a kan gefe" da Suratul Hajji aya ta 11 ta siffanta. An ga irin wannan a 2022, lokacin da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen shekara. Masu shigo da kaya da suka saba ba da sadaka su ne suka koma suna tambayar malamai ko an yi musu asiri.

Wanda ya tashi cikin babu tun yana goye, nasa daban ne, kuma ya fi wuyar ganewa domin daga waje kamar haƙuri yake. Bai cika yin fushi da Allah ba. Abin da ke samunsa shi ne ya daina tsammani. Yana salla, yana azumi, amma addu'arsa ta ƙanƙance, ba ya roƙon abin da ya wuce abincin gobe, a ransa ya yanke cewa manyan buƙatu na wasu ne. Malamai sun raba tsakanin haƙuri da yanke ƙauna, kuma alamar a aikace take. Mai haƙuri yana ci gaba da nema da roƙo. Wanda ya yanke ƙauna ya ajiye duka biyun, ya sa wa ajiyewar suna ƙaddara. Hadisin ƙudusi da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce "Ina nan inda bawana ya zace ni". Yarinyar da ta sauko daga arewa tana dakon kaya a kasuwar Makola ko ta Agbogbloshie, tana kwana a bakin shago, zatonta game da Mai rahama daga hannun mutane take koyonsa. In uwar ɗakinta mai tasbaha a hannu ce ke cinye mata ladan yini, wa'azin rediyo ba zai gyara wannan zaton cikin sauƙi ba.

Sai batun ƙaddara, wadda ta fi kowace kalma shan wahala a bakinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam a makaranta ya karanci Risala ya haddace cewa ana imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, zaƙinta da ɗacinta. Matakanta huɗu ne: Allah ya sani, ya rubuta, ya nufa, ya halitta. Babu ko ɗaya cikin huɗun da ya ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya yi. Ranar 3 ga Yuni 2015 ruwan sama ya cika Accra, mutane suka fake a gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah Circle, mai ya bi ruwa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Ajalinsu ne, babu musu. Amma babban kwalbatin da ya ratsa Nima da Mamobi yana zubawa ne a kogin Odaw, kuma abin da ake jefawa cikinsa da rani, ledar ruwa, tarkace, tsohuwar katifa, shi ke tare hanya in ruwan Yuni ya sauko. Mai cewa "ƙaddara ce" don ya rarrashi wanda ya rasa ɗa ya yi daidai. Mai faɗinta don kada a tambaye shi ina ya zubar da shararsa, ko ina kuɗin yashe kwalbati suka shiga, ya ari kalmar Allah ya rufe laifinsa. Lokacin annobar Amwas a shekara ta 18 bayan hijira, Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da tawagarsa daga Sarg bai shiga Sham ba. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah ake yi? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ƙa'idar da malamai suka fitar gajeriya ce: ana kafa hujja da ƙaddara a kan masifa bayan ta auku, ba a kafa ta a kan laifi.

Kuskuren da ya fi yi wa mutane rauni shi ne fassara musu masifarsu. "Ki binciki kanki, Hajiya, wannan ba banza ba." Mai faɗin haka yakan jingina da Suratus Shura aya ta 30, cewa abin da ya same ku na masifa daga abin da hannayenku suka aikata ne. Ayar gaskiya ce, amma madubi ce da mutum zai ɗaga wa fuskarsa, ba a ba kowa izinin haska ta a fuskar maƙwabci ba. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya tambayi Annabi (SAW) su wa suka fi shan jarrabawa, ya ce annabawa, sannan waɗanda suka fi kama da su, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. To wa ya san wanne ne ya sami wannan Hajiyar, kankarar zunubi ko ɗaukaka daraja? Ranar da Ibrahim ɗan Annabi ya rasu a shekara ta 10 bayan hijira rana ta yi husufi, mutane suka haɗa abin biyu, Annabi ya tashi ya warware: rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. In har bai bari a karanta sama don ɗansa ba, ina dalilin wani ya karanta gobarar shagon wani?

Wannan ya fi tsanani a gidan da ake jinyar yaro mai sikila. Uwa ce ke kwana a benci a asibitin Korle Bu, ita ce kuma ake kallo in dangin miji sun fara raɗe-raɗin maita ko iska. Lissafin kuwa a fili yake. In uba AS ne uwa AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma rabin abin daga uba ya fito. Kowane ciki sabon lissafi ne, don haka gida ɗaya na iya samun uku a jere, wani gidan kuma ko ɗaya. Matar da ta yi shekara goma tana jin ita ce sanadi, hoton Ubangiji a zuciyarta yakan zama na mai tuhuma. Bayanin minti biyar game da AS da SS, a gaban miji da uwar miji, yana gyara mata tauhidi fiye da dogon karatu. Gwajin jini kafin a sa rana kuma shi ne ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah.

Haƙurin da shari'a ta wajabta ƙarami ne fiye da yadda ake ɗora wa mutane: kame harshe daga zagin ƙaddara, kame hannu daga marin fuska da yaga tufafi, kame zuciya daga fushi da Ubangiji. Kuka ba ya ciki. Annabi ya zubar da hawaye a kan Ibrahim, ya ce ido yana zubarwa, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Yaƙubu ya yi kuka har idonsa ya yi fari, ya ce ga Allah nake kai kukana. Ayyuba ya ce cuta ta shafe ni. Yarda da abin har zuciya ta kwanta, wato rida, daraja ce ta sama, kuma a wurin malamai da yawa mustahabbi ce. Nemanta daga matar da ta shiga takaba jiya kamar a ce wa mai karaya ya tashi ya yi gudu ne.

Saboda haka in za ka shiga jaje ko gaisuwar mutuwa, abin da ya kamata ya riga bakinka shi ne ido. A ranar farko gajeriyar magana ta isa: "Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya ba da ladan rashi." Ka zauna, ka yi shiru, ka tashi da wuri. Annabi ya taɓa ce wa wata mata mai kuka a bakin kabari ta ji tsoron Allah ta yi haƙuri, ta ce masa rabu da ni, abin da ya same ni bai same ka ba, domin ba ta gane shi ba. Bai tsaya jayayya ba, ya wuce, sai daga baya da ta zo da kanta ya ce haƙuri a bugun farko yake. Abinci kuma daga waje ya kamata ya shigo. Da labarin shahadar Ja'afar ya iso daga Mu'uta a shekara ta 8, umarnin shi ne a yi wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Mu mun juya abin. Gidan mutuwa ne ke hayar rumfa da kujerun roba, su dafa shinkafa da wake, su raba leda. Malaman zango sun daɗe suna saɓani kan adu'ar uku da bakwai da arba'in, ba kuma a wannan shafi za a raba gardamar ba. Amma a ganina ko wanda ya fi kowa riƙo da ita ba zai ce a ci bashi a kan marayu don a yi ta ba.

Mai gobara da mai ambaliya bashi ne ke hana su barci, kuma fiƙihu bai bar su da "Allah ya mayar da alheri" kawai ba. A hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito, cikin mutum uku da roƙo ya halatta gare su akwai wanda annoba ta share dukiyarsa, har ya sami abin da zai tsaya da ƙafarsa. A gaya masa wannan a fili, domin kunya ce ke kashe irinsu. Baƙara aya ta 280 ta wajabta wa mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Tauba aya ta 60 ta sa masu bashi cikin mutum takwas da ake ba zakka. A aikace, dattijo biyu su zauna da shi su rubuta bashin gaba ɗaya: na mai dila, na adashi, na MoMo, wato kuɗin waya, kuɗin haya, kowanne da ranar biyansa. A fara da wanda ke ƙaruwa kullum. A je wurin mai kaya tare, kada a tura shi shi kaɗai, a nemi ragi ko a raba biyan wata-wata, a rubuta a takarda da shaidu. In za a tara masa kuɗi, a ce bashin sidi 20,000 ne an samu 8,000, kada a zuba duka a bakin masu bashi. A ware abin da zai sayi ko rabin dila ya koma kasuwa, in ba haka ba wata mai zuwa sabon bashi zai ci don abinci. Inda taimako ya fi lalacewa shi ne sanarwa: a kira sunansa a lasifikar masallaci, ko a ɗauki hotonsa yana karɓar ambulan a sa a WhatsApp. An biya masa bashi an karɓe masa mutunci.

Wani lokaci kuma abin ya wuce wa'azi. In mako biyu sun wuce mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina abin da ya saba so, ko ya fara cewa gara ya mutu, wannan ciwo ne mai magani, a kai shi asibiti ya ga likita, kuma kada a bar shi shi kaɗai da dare. Addu'a da ruƙya su tafi tare da maganin. Wanda kuma aka daina gani a sahu bayan abin ya same shi, kada a aika masa da saƙon ayar azaba. Maƙwabcin da ya fi kusa da shi ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba ya ce, "Malam, ina nan waje, in ka shirya mu tafi." In bai fito ba, ya wuce masallaci, gobe ya sake ƙwanƙwasawa.