Tsohuwar bindigar soja da nata halin

Bindigogi biyu nake zuwa da su filin harbi, kuma duka sun girme ni nesa ba kusa ba: Lee-Enfield mai lamba 4 ta sojojin Birtaniya, wadda ke cin harsashi goma, da Mosin-Nagant ta Rasha, ƙirar 1891 da aka yi wa gyara a 1930, mai cin biyar. Kafin in sa wa kowacce harsashi sai da maƙerin bindiga ya duba ta ciki da waje. Ƙarfen da ya haura shekara 70 ba a yi masa shaidar zur.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne saiti. Waɗannan bindigogi ba don harbin takarda aka ƙera su ba. Kafar saitin Lee-Enfield, wadda soja ke leƙawa a fagen daga, an daidaita ta ne a kan yadi 300. Idan ka tsaya a yadi 100 ka nuna tsakiyar allo, sai ka ga harsashi ya huda can sama, ka yi ta zargin hannunka alhali hannun ba shi da laifi. Mosin kuwa da banati, wato wuƙar bindiga, a bakinta aka saita yawancinsu tun daga masana'anta, domin a haka sojan Rasha ke riƙe ta a wancan zamani. Ka cire banatin, harbi ya karkata gefe. Tawa dama take ja. Yanzu ba na damuwa da baƙin ɗigon tsakiya a zagayen farko. Ina duba ko hudojin nan biyar sun taru wuri guda. In sun taru, sauran gyara ne kawai. In sun watse kamar an watsa wa kaji tsaba, to matsalar daga numfashina take, ko daga yadda nake jan kunama.

Kunamar Mosin ma aiki ce, tana da tauri da jan tsawo, ga sakatarta, wato ƙarfen da ake ja a ɗana harsashi, da kan cije idan bututu ya yi zafi, har sai ka buge ta da tafin hannu. Ƙarshen gindinta ƙarfe ne tsura. Ka matse shi sosai a kafaɗa, in ba haka ba gobe ka tashi da shaida. Sakatar Lee-Enfield sumul take tafiya, shi ya sa na fi son ta, ko da yake masu Mauser, bindigar Jamus, ba za su yarda da ni ba.

Sai batun wanki, wanda sababbin shiga ke rainawa. Yawancin tsofaffin harsasan soja suna da sinadarin kunna wuta da ke barin wani irin gishiri a cikin bututu. Gishirin nan yana jawo damshi, mai kuma ba ya narkar da shi, ruwa ne maganinsa. Don haka da na dawo, kafin in zauna, nake zuba ruwan zafi ta cikin bututun, in goge fuskar sakata, in busar, sannan in shafa mai. Na taɓa leƙa cikin wata Mauser da mai ita ya bari kwana biyu ba wanki: tsatsa ja ta riga ta kama layukan ciki, kuma ramukan da ta ci ba sa cikowa.