Tukuicin bargon Inna

Bayan rasuwar Umma na kwashe zannuwanta na kai wa Inna, ƙanwarta, a Bukuru. Na kasa bayar da su, na kuma kasa kallonsu.

Wata uku ta yi tana yanka su ƙyalle-ƙyalle tana haɗa bargo da su. Ta shimfiɗa auduga a ciki, ta yi masa shafi da farin yadi, sannan ta bi shi da ɗinkin hannu layi-layi don kada audugar ta dunƙule in an wanke. Ranar da ta buɗe mini bargon, sai ga atamfar da Umma ta ɗaura ranar ɗaurin aurena a tsakiyarsa. Na sha kuka.

Na miƙa mata kuɗi, ta ture hannuna. "Haba 'yar nan, a kan zanin Yaya zan karɓi kuɗinki?"

Maigidana ya ce a saya mata turmin atamfa, amma na san akwati za ta jefa shi. Ni abin da na lura, almakashinta ya dakushe, kuma sai ta kira jika ya zura mata zare. Sai na shiga kasuwar Taminus da ke Jos na sayo almakashin tela, allurai masu faɗin kafa, zare kala-kala da fitilar caji. Ranar Litinin zan kai ta a auna idonta a yi mata tabarau.

Abin da ya fi faranta mata rai kuwa, buhun ragowar ƙyallaye ne da na roƙo wajen telana. Nan take ta zazzage shi a tabarma tana ware launuka, har ta manta ina zaune.

Sanyin Jos ya fara, jiya da bargon na kwana. Allah Ya jiƙan Umma.