Hitar sola da ruwan sanyin da ya fasa mini bututu bakwai

Duk wanda zai kafa hitar ruwa ta sola mai bututun gilashi a ƙauye, kafin ya tambayi farashi ya fara tambayar kansa abu ɗaya: shin ruwa na yankewa a tankin sama na gidansa? In yana yankewa, ko da sau ɗaya ne a shekara, to nan hatsarin yake. Ni ban yi wa kaina wannan tambayar ba, kuma bututu bakwai cikin ashirin suka tafi a cikin minti biyu.

Tawa mai lita 200 ce, marar matsi, irin wadda ruwan ke shiga cikin bututun kansa. Kowane bututu faɗinsa milimita 58, tsawonsa mita 1.8, gilashi biyu ne ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar filas ɗin shayi. Shi ya sa zafi in ya shiga ba ya samun hanyar fita. Wannan shi ne amfanin abin, kuma shi ne ya cuce ni. In akwai ruwa a ciki, ruwan ne ke kwashe zafin ya hau da shi tanki. In babu ruwa, gilashin ciki yana wuce digiri 200 da rana tsaka, alhali in ka taɓa na waje sai ka ji shi lafiya lau, ko ɗumi bai cika yi ba. Hannu ba zai gaya maka komai ba.

Abin ya faru ne a watan Maris, bazara ta kankama. Injin sumo na rijiyar burtsatse ya lalace, kwana huɗu ba a tura ruwa sama ba. Tankin sama ya ƙare, mutanen gida suka koma ɗibar na hita har shi ma ya ƙare, domin mai aikin famfo ya jona bututun fitar ruwan zafi ne daga ƙasan tankin. Ruwan da ya rage a cikin bututan gilashi ya yi ta tafasa yana fita tururi, saman bututan ya bushe ƙayau. Aka gyara sumo wajen ƙarfe ɗaya na rana, aka kunna. Ruwan rijiya mai sanyi ya gangaro kan gilashi mai zafin garwashi. Ƙarar ba ta da yawa, tas-tas ne kawai, sai ruwa ya fara zuba daga gindin firam. A irin wannan hitar bututu ɗaya ma in ya fashe duk tankin ta nan zai tsiyaye, balle bakwai.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne na san dokar: ba a sakar wa bututun da ya bushe a rana ruwan sanyi. Ranar kafawa mun kiyaye ta sarai: bututan na cikin kwalinsu har la'asar sakaliya, aka sa su rana ta yi sanyi, aka cika tanki bayan isha'i. Na ɗauka gargaɗin na ranar farko ne kawai. Ashe duk ranar da tanki ya bushe, ka koma ranar farko.

Kuɗin bututu ɗaya ba shi ne matsalar ba. Ɗauko gilashi mai kusan mita biyu daga Kano zuwa ƙauyenmu a ƙasar Gumel, da guntun hanyar da ba kwalta, shi ne aiki. Na sayi tara, takwas suka iso da rai. Mako uku hitar na tsaye. Daga baya na gano ana sayar da toshiyar roba da ake cusawa a ramin bututun da ya fashe, sauran su ci gaba da aiki. Ka sayi biyu ko uku tun ranar da ka sayi hitar, tare da bututu biyu na ajiya da zoben roba na ciki.

Gyare-gyare uku na yi bayan haka, kuma da tun farko aka yi su da ban yi asara ba. Na farko, na sa aka mayar da mafitar ruwan zafi saman tanki, ruwan sanyi kuma yana shigowa ta ƙasa daga ɗan ƙaramin tankin nan mai bawul ɗin ƙwallo da ke zaune a kansa. Da wannan tsarin ruwan zafi ba ya fita sai in na sanyi ya shigo ya turo shi, saboda haka tanki kullum a cike yake. In ruwa ya yanke, famfon zafi sai ya tsaya, ka san akwai matsala, amma lita 200 na nan tana tsare gilashin. Na biyu, a tankin sama mai lita dubu na huda mafita biyu: ta hita a can ƙasa, ta sauran gida kamar taƙi biyu sama da ita. Ko an shanye na gida, hita na da ragowarta. Na uku, bawul a kan bututun da ke kai wa hita ruwa, a ƙasa inda hannu ke kaiwa ba sai an hau tsani ba. Ruwa na yankewa a rufe shi, a lulluɓe bututan da tampol ko tsohuwar tabarma, kuma ba a buɗe shi sai bayan isha'i ko kafin fitowar rana. Kowa a gidan ya san wannan, har yara.

Sauran aikin bai ba ni wahala ba, amma akwai wuraren da na ga ana kuskure a wasu gidajen. Nauyi na farko. Lita 200 kilo 200 ne, ruwan da ke cikin bututai ashirin ya haura kilo 50, ga tanki, ga gilashi, ga firam. Ka lissafa kilo 300 ko fiye. Rufin kwano mai katako biyu-da-huɗu ba zai ɗauka ba, kuma ko ya ɗauka bana, gara na nan. Ni ginshiƙai huɗu na bulo na sa aka yi, aka zuba dakalin kankare a kai, mita uku daga ƙasa, a gefen banɗaki. Aka ɗaure ƙafafun firam da noti a cikin kankaren saboda iskar farkon damina. Tankin sama dole ya fi ɗan tankin hita tsayi, aƙalla da rabin mita daga gindinsa, in ba haka ba ruwa ba zai gangaro ba.

Fuskar bututan kudu za ta kalla. Mutane na cewa ai rana a tsakiyar ka take a ƙasarmu, ko'ina aka juya daidai ne. A bazara haka ne, amma ba don bazara ka sayi hita ba. Muna wajen digiri 12 zuwa 13 arewa da tsakiyar duniya, kuma a Disamba rana da tsakar rana tana karkata kudu, tsayinta bai wuce digiri 55 ba. Saboda haka jinginar digiri 30 zuwa 35 ita ta dace da hunturu. Kada ka kwantar da su sosai, domin ruwan zafi ba zai hau tanki da kyau ba. Ka kuma duba inuwa da idon Disamba: darbejiyar da ke kudu da gida, wadda inuwarta ke gindinta a Afrilu, a hunturu za ta miƙo har kan gilashinka.

Sa bututu kuwa, zoben ƙura ake fara zurawa, a shafa ruwan sabulu a bakin, a tura cikin ramin tanki ana murzawa a hankali, sannan a ɗan jawo shi ƙasa ya zauna a kofinsa. Kada a yi amfani da man inji ko gires, suna lalata robar. Kafin ka biya, duba gindin kowane bututu: in yana sheƙi kamar azurfa lafiyarsa ƙalau, in ya yi fari kamar madara iska ta shiga, ya mutu. Bakwai ɗin nan nawa duk gindinsu ya koma fari kafin gari ya waye.

Akwai ɗan bututun numfashi a saman tanki. Kada kowa ya toshe shi don yana ɗiga. Tankin marar matsi ne, ƙarfen cikinsa siriri ne, in tururi ya rasa hanya zai kumbura shi, in ruwa na fita iska ba ta shiga zai lotsa shi. A bazara yana feso tafasasshen ruwa, don haka a juya bakinsa inda yara ba sa wasa. Daga Maris zuwa Mayu ni rufe rabin bututan nake yi, domin ba mai bukatar ruwan da ya tafasa a lokacin, kuma yawan tafasa ne ke tara farin ɓawon nan irin na gindin buta. Ruwan rijiyarmu na da shi. Sau ɗaya a shekara, da sassafe, ana zare bututan a zubar da lakar da ta kwanta a gindi, a jiƙa da ruwan kal, a ɗauraye. A mayar, a cika kafin rana ta hau. In aikin ya ja har hantsi, a rufe su a jira dare. Wannan ma daga asarar nan na koya.

Layin ruwan zafi kada a yi shi da farin bututun PVC, yana laushi daga wajen digiri 60, ya lanƙwashe, gam ɗinsa ya saki. Koren nan PPR mai lambar PN20 ake so, wanda ake haɗawa da injin narkarwa, kuma mitar farko daga tanki gara a sa ƙarfe. A naɗe shi da soson rufe bututu, a sake naɗewa da abin da zai kare shi daga rana, in ba haka ba cikin shekara soson zai zama gari. A taƙaita nisa, domin duk asuba sai ka zubar da ruwan da ya kwana a layin kafin mai zafi ya iso. Ban ba da shawarar famfo mai haɗa zafi da sanyi ba. Kowace mita ta tsayi kashi ɗaya cikin goma na bar, wato ma'aunin matsin ruwa, take bayarwa, kuma tunda tankin sama ya fi hita tsayi, sanyi ya fi ƙarfi, sai ya tura kansa cikin layin zafi ya riƙa ambaliya ta bututun numfashi. Kan famfo biyu da bokiti sun wadatar, a fara tarar sanyi sannan a sirka. Kan famfon zafi kuma a ɗaga shi inda ƙaramin yaro ba zai kai ba, domin ruwa mai digiri 60 cikin 'yan daƙiƙu yake saluɓe fata.

Duk da haushin da nake ji, ba zan koma ba. Ɗaga lita 200 daga digiri 20 zuwa 55 na cin kusan yunit takwas na wuta, wato hita mai wat 1500 ta yi sama da awa biyar tana aiki. Mu da wutar ba ta zuwa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ba wanda zai tayar da janareta don ruwan wanka, itace ne ke biyan wannan. Yanzu a Janairu, in an goge ƙurar gilashin da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako da safe, ma'aunina na nuna sama da 60 da yamma, kuma da asuba akwai na alwala da na wankan 'yan makaranta. Ranar da hazo ya yi kauri yakan tsaya wajen 45, ya dai isa wanka. Inda na fi ganin bambanci shi ne wankan jego. Kwana arba'in ana hura wuta safe da yamma a ƙarƙashin babbar tukunya, yanzu kuwa ruwan da zafinsa ake ɗibowa, a ɗora shi da ganye ya ɗan ƙarasa, itacen da ake ci ya ragu ƙwarai.

In kana da zaɓi kuma ruwan gidanka ba tabbas, ka nemi irin wadda ruwa ba ya shiga gilashin, mai sandar jan ƙarfe a cikin kowane bututu. Ta fi tsada, amma ruwan sanyi ba ya taɓa gilashinta, kuma ko ɗaya ya fashe tanki ba ya zuba. In kuwa irin tawa ƙarfinka ya kai, ka tsaya a kan mai aikin famfo har sai ka ga da idonka ya jona mafitar zafi daga sama, ya kuma sa bawul ɗin nan a ƙasa, kafin ka ba shi cikon kuɗinsa.