Gangara ta fi hawa wuya

Makonni shida kafin ajinmu ya fita aikin fili na karatun ilimin duwatsu, na murɗe gwiwar dama a wasan ƙwallon da muke bugawa ranar Asabar. Hoto ya nuna guringuntsin cikin gwiwar ya ɗan tsage. Ba a yi min aiki ba, aka tura ni wajen likitar gashin ƙashi. Da takardar tafiya ta zo, akwai gurbin da aka ce mai wata lalura ya rubuta. Na bar shi babu komai. Ni kaɗai ne baƙar fata a ajin, ban so a fara sanina da raki.

Wurin da muka je gandu ne mallakar jihar Wiskonsin ta Amurka, kusa da garin Barabu, kamar tafiyar awa ɗaya a mota daga Madisin, babban birnin jihar. Sunansa Devil's Lake, wato Tafkin Shaiɗan, sunan da ya sa mahaifiyata ta yi ta salati a waya. Sai da na gaya mata mutanen Ho-Chunk, 'yan asalin wurin, tafki mai tsarki suke kiransa, sannan ta ce, "To Allah Ya tsare, ka dai riƙe addu'a." Tun 1911 jihar ta keɓe shi. Duwatsu biyu ne suka saka tafkin a tsakiya, tsayinsu ya kai mita 150 daga bakin ruwa, kuma dutsen kwazayit ne, wani irin dutse mai tauri sosai, mai launin jar kanwa, wanda shekarunsa sun haura biliyan ɗaya da rabi.

Wahalar ta soma tun a sansani, kafin a taka dutse. Tanti ƙarami sai da rarrafe ake shigarsa, ni kuwa durƙuso shi ne abin da gwiwar ta fi ƙi. Sanyin dare ya sa ta sandare. Sallar asuba na gwada zaman tahiya, na ji kamar an soka min kibiya, dole na jawo akwatin ƙanƙararmu na zauna a kai na ƙarasa. Duk da haka na ɗaure gwiwa, na rufe da wando, na bi sahu.

Hawa dutsen gabas bai ba ni wahala sosai ba. Matakala ce ta manyan duwatsu da aka jera da hannu, na riƙa hawa ina haki kamar kowa, har ina cewa a raina, wanda ya hau Kufena yana yaro me wannan zai yi masa. Da yamma muka juyo ta hanyar wani dutse da yake tsaye a kan ɗan ƙaramin gindi kamar zai faɗo. Hanyar ba ta cika kilomita ɗaya ba, amma a nan na gane karatuna. A gangara cinya birki take takawa, duk nauyin jiki da na jakar baya a kan gwiwa yake sauka, ga kwazayit santsi ne da shi, musamman inda ƙafafun mutane suka goge shi. Likitata ta sha gaya min: in za ka hau, lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ka sauka, mai ciwon ce gaba, sanda kuma a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa. Na san karatun, amma sandar tana ɗakina a jingine, don kada a tambaye ni. A tsakiyar gangarar gwiwar ta ƙi ɗaukata. Mutum biyu suka raba kayana, aji guda ya tsaya jirana, tashar ƙarshe ta ranar aka fasa ta.

Da dare Farfesa ya same ni na miƙe ƙafa a kan benci, na ɗora ƙanƙara a tsumma. Bai yi faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce da na rubuta tun farko da ya tsara min wata hanya, domin takardar nan ba don a tace ragwaye aka yi ta ba, don ya san mutum nawa zai iya saukowa da su lafiya ne. Na ce, "Farfesa, na yi kuskure." Ya ce gobe ƙasa zan tsaya.

Na ɗauka hukunci ne. Ya ba ni hanyar da ta bi gindin dutsen yamma, tsakanin ruwa da tarin manyan duwatsun da suka ɓalle daga sama, ya ce in duba su ɗaya bayan ɗaya, in zana abin da na gani. Guduma ba ta da amfani, doka ta hana ɗiban dutse a gandun. Sai littafi da fensir da gilashin duba ƙananan abubuwa, da sandar aro.

Mai ɗingishi dole ya tsaya duk bayan taku kaɗan, in ya tsaya kuma idonsa ƙasa yake kallo. A kan wani faffaɗan dutse na ga layuka a jere, irin waɗanda ruwa ke bari a kan yashin rafi bayan damina. Na shafa su da hannu. Wannan dutsen da ya karya min gwiwa jiya, yashi ne a da, ruwa yana kaɗa shi, kafin zafi da matsi su manne ƙwayoyinsa su haɗe. Na karanta wannan a littafi, na ma amsa shi a jarrabawa, amma a dutsen gabas na tabbata na taka irinsa ban gani ba, don hankalina yana kan kada a bar ni a baya. Shafi tara na cika ranar, kuma rabin rahotona daga nan ya fito.

Ba na cewa ciwo alheri ne. Wata biyu na ƙara a gashin ƙashi saboda taurin kaina. Tafiyar da ta biyo baya na rubuta gwiwar a layin farko, na tafi da sanduna biyu, da kujera mai naɗewa don sallah, da tantin da ake shiga a tsaye. Kuma da aka raba taswira, ban duba nisan hanya ba, layukan da ke nuna tsayin ƙasa na bi da yatsa ina neman inda suka matsu, wato inda gangara ta yi tsanani, a hanyar dawowa.