Wane ciwo ne ke hana yaro zuwa makaranta?

Majina da ɗan tari ba sa hana karatu. Idan yaro yana cin abinci, yana wasa, jikinsa babu zafi, a sa masa hankici a aljihu ya tafi, musamman da hunturu lokacin da mura ke bin gida-gida. Zazzaɓi ne ke tsayar da yaro.

Kada a dogara da tafin hannu, a sayi ma'aunin zafin jiki a kemis. Idan ya nuna 38 ko sama da haka, ranar babu boko, babu islamiyya. Abin da ya fi damuna shi ne a ba yaro farasitamol da safe, jiki ya yi sanyi, a sa masa yunifom. Maganin awa 4 zuwa 6 yake aiki. Kafin a tashi zafin ya dawo, yaro ya kifa kai a benci yana rawar sanyi, malami kuwa yana fama da cikakken aji. Sai yaro ya yi awa 24 cur babu zazzaɓi, kuma ba da taimakon farasitamol ba, sannan ya koma.

Zazzaɓi a wajenmu, balle da damina, yana buƙatar gwajin maleriya, wanda ake ɗiga jinin yatsa, sakamako ya fito cikin minti 20. Idan ya tabbata, magani irin su Coartem kwana 3 ake sha, safe da dare, tare da madara ko abinci mai maiƙo. Yara kan warware a rana ta biyu, sai iyaye su ajiye sauran ƙwayoyin, daga nan ciwon yake samun hanyar dawowa.

Gudawa da amai kuwa, a ƙirga awa 48 daga na ƙarshe kafin yaro ya koma makaranta, domin buta da bayin makaranta na kowa da kowa ne. A riƙa ba shi ORS, wato garin gishiri da sukari na leda, a dama da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, yawanci lita ɗaya, a zubar da ragowar bayan awa 24. A haɗa da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14.

Mai ƙyanda ya zauna aƙalla kwana 4 bayan fitowar ƙuraje, mai hangum kwana 5 daga fara kumburi, mai ƙarambau har sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo.

Akwai waɗanda zaman gida ma bai isa ba. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani abu toka-toka manne a can ciki alamar mashaƙo ce, cutar da ta yi ɓarna a Kano a 2023. Haka sanƙarewar wuya da zazzaɓi a lokacin zafi, ko jijjiga, ko numfashi sama-sama. Waɗannan a wuce asibiti nan take, sannan a sanar da hedimasta domin a duba sauran 'yan ajin.